Zauren Iyaye Mata: Darasin Matan Da Suka Je Makka Da Goyo

 Hutun makaranta ya kusa, kuma da yawanmu za mu kwashi yara zuwa ganin gida. Shi ya sa yau zan ɗan waiwaya baya, domin doguwar tafiya da yara ba a kanmu aka fara ba.

Titin nan da ya haye gadar Wudil ya nufi Azare, Potiskum, Damaturu har Maiduguri, shi ne hanyar gabas da maniyyata ke bi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare. Daga Barno sai ƙasar Chadi, a bi ta Abeshe a shiga Sudan ta Janaina, a ratsa Darfur zuwa Ubayyid, inda layin dogo ya isa tun 1912. Daga can sai Khartum, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Tafiya ce ta shekaru, a ƙafa ko a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota. In guzuri ya ƙare a yada zango a nemi na abinci, wasu a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925. Mace kan bar gida da goyo ta isa Makka yaron yana gudu da ƙafarsa. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na can, kamar mutanen garin Mai Wurno da ke gaɓar kogin Nilu, waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

To wa ke riƙe da ran ayarin? Madugu ne ke gaba, amma da an sauka mace ce ke haɗa murhu da duwatsu uku, ita ke auna ruwan salka, ita ke kwana ido biyu a kan yaro mai zazzaɓi. Dabarunsu har gobe suna da amfani.

Na farko, guzurin da ba ya lalacewa. Ƙanzo, kilishi, dakuwa, dabino da ƙuli-ƙuli sun fi shinkafa da miyar da za ta yi tsami kafin azahar.

Na biyu, ruwa. Ki ɗauko naki daga gida, ki haɗa da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, wanda ake damawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Gudawa kan galabaitar da ƙaramin yaro cikin 'yan sa'o'i.

Na uku, su ba sa bari dare ya same su a daji. Ki yi sammako, ki shiga mota a tasha, a rubuta sunanki. Sauƙin kuɗin motar bakin hanya bai kai ran ɗanki ba. In direba na tsula gudu, ki yi magana, kada kunya ta hana ki.

Na huɗu, ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci, motocin shanu kan cika hanya. Ki riƙe hannun yaro gam in an tsaya, ki kuma sa masa takarda mai lambar wayarki a aljihu.

Sai roƙona na ƙarshe. In akwai tsohuwa a danginku da ta yi wannan tafiya ko ta ji labarin daga bakin uwarta, ki zauna da ita a wannan hutun, ki kunna wayarki ki naɗi muryarta. Irinsu sun kusa ƙarewa.

Ke wane guzuri kike yi wa yaranki? Ki rubuto mana a ƙasa mu ƙaru da juna. Allah Ya kai mu lafiya, Ya kuma kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya.