Shanun Da Ke Dutsen Jubba

Jama'a, duk lokacin da hutun sanyi ya zo, mukan ji iyaye a nan Aziziyya suna shawarar inda za su kai yara. To, mu dai Jubba muka zaɓa muku.

Jubba wani ɗan gari ne a tsakiyar rairayin Nafud, kamar kilomita 90 arewa maso yamma da Ha'il. Daga Jidda tafiyar ta fi kilomita 800, ta Madina ake bi, saboda haka sai a yi shirin kwana. Kusa da garin akwai dutse, ana ce da shi Ummu Sinman. A jikinsa ne mutanen zamanin da suka sassaƙa siffofi, waɗansu sun yi shekara wajen 10,000. A 2015 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, tare da duwatsun Shuwaimis da ke kudu da Ha'il.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne shanu masu dogayen ƙahoni. Ina saniya ina rairayi? Ashe a wancan zamani tabki ne a gindin dutsen, ga ciyawa, ga makiyaya. Da ruwa ya janye, sai masu sassaƙa suka bar yin shanu, daga baya raƙuma suka cika dutsen. Mai lura zai gane wannan da idonsa, gama tsohon sassaƙa ya yi duhu kamar dutsen kansa, sabo kuwa yana da haske, wani lokaci ma a kan tsohon aka yi shi. A Shuwaimis har da maharba da bakansu da karnukansu, waɗansu karnukan a ɗaure da igiya.

Wanda kakansa ya fito daga ƙasar Kano, sai ya gaya wa yaransa a Birnin Kudu ma, watau cikin Jihar Jigawa ta yanzu, akwai shanu a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Su dai da launi aka zana su, ba sassaƙa ba ne. Yaranmu da yawa ko sunan garin ba su taɓa ji ba, wannan kuwa laifinmu ne mu manya.

Muna roƙo, kada kowa ya bar yaro ya rubuta sunansa a dutse, ko da ƙusa ko da fenti. In aka karce wannan duhun, ba mai ganin komawarsa a zamaninmu. A kuma riƙe bargo da rigunan sanyi, don sanyin Ha'il ba irin na Jidda ba ne.