Ɓawon Lemo da Ciwon Kan Mura: Gyara ga Yadda Muke Taskace Magungunan Gargajiya

Idan hunturu ya kankama a Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, ƙura kan toshe hanci, goshi ya yi nauyi, ciwo ya tsananta da zarar mutum ya sunkuya. Saboda irin wannan rana kakata take shanya ɓawon lemon zaƙi. Hanya biyu take bi: ko ta tafasa shi a lulluɓa da zane a yi sirace, ko ta barbaɗa shi a garwashi a shaƙi hayaƙin. A kundayen digiri da dama da na karanta, irin wannan ilimi kan ƙare a layi guda: sunan tsiro, sai “maganin ciwon kai”. A ganina wannan taƙaitawa asara ce ga nazari, kuma haɗari ce ga lafiya.

Da farko, sunan cutar. Bahaushe ya bambanta ciwon kan mura da ciwon ɓarin kai. Na mura yana tasowa ne idan kogunan iska da ke cikin ƙasusuwan goshi da kumatu suka kumbura, majina ta taru. Wanda ya rubuta “ciwon kai” kawai ya zubar da rarrabewar da mai maganin ta yi.

Na biyu, hanyar amfani. Tururi kan sassauta majina, ƙamshin man ɓawon kuma ya sa a ji hanci ya buɗe. Hayaƙi kuwa yana iya tayar da asma, ruwan sirace yana iya ƙona yaro. Babu ɗayansu da zai maye gurbin asibiti idan zazzaɓi ya tsananta ko ido ya kumbura.

Na uku, tarihi. Kalmar “lemo” aro ce daga Larabci, itacen kuma asalinsa Asiya ne. Ke nan gargajiyarmu tana karɓar baƙo ta mayar da shi ɗan gida.

Tun a 1916 Dalziel ya danganta sunayen tsirran Hausa da na kimiyya, a 1988 kuma Lewis Wall ya bibiyi yadda Hausawan yankin Malumfashi ke fahimtar cuta. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa biyun. Ya kamata ɗaliban jami’o’in Dutse da Kafin Hausa su riƙa rubuta kalmar mai magani yadda ta faɗe ta, da nau’in lemon, da adadi, da wanda aka hana wa, sannan su miƙa wa masana harhaɗa magunguna su gwada. Tsofaffin da suka san wannan bambanci suna ta ƙarewa.