Kafin a sa guduma a tsohon banɗaki

Abuja birni ne mai ƙuruciya. A watan Fabrairun 1976 aka yi dokar kafa shi, gwamnati kuma ba ta kammala ƙaura daga Legas ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991. Don haka mai neman banɗakin shekarun 1950 da 1960 sai ya nufi tsofaffin gidajen ma'aikata na Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Amma yayin ƙananan tayil masu launi bai gushe ba lokacin da aka gina gidajen farko na Garki da Wuse da Karu da Nyanya, shi ya sa har yau akwai banɗakuna masu bango kore, ko shuɗi, ko ruwan hoda. Waɗannan ne ake ta rushewa da sunan gyara, kuma galibi asarar kuɗi ce kawai.

Tun da gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati na birnin a zamanin ministancin Nasir El-Rufa'i, nauyin gyara ya bar wuyan hukuma ya koma kan ma'aikaci. Wanda ya mallaki gida yana da 'yancin ya yi masa yadda ya so. Sai dai kuɗin da zai kashe daga albashinsa ne ko daga giratuti, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuma farashin siminti da kayan gini ya yi tashin gwauron zabo tun bayan sakin darajar naira a 2023.

Abin da ke sa mai gida ya kira magini yawanci abu uku ne: danshi a bango, baƙin layi tsakanin tayil, da ruwa mai tsatsa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake laifin tayil. Tsatsa daga tsofaffin bututun ƙarfe take, waɗanda suke cinyewa daga ciki har su fara yoyo a cikin bango. Baƙin layi kuwa farin simintin da aka cike tsakani da shi ne ya zaizaye, sau da yawa saboda al'adar wanke banɗaki da asid, wanda ke sa wuri ya yi fes yau ya bar shi da kafofi gobe. Ana iya kankare tsohon simintin a cike da sabo. Ana iya kashe tsohon layin ruwa a jawo sabon bututun roba ta bayan bango, a cire tayil kaɗan kawai a inda kan famfo zai fito. Magini ba zai fara kawo wannan shawara ba, domin ladan aikinsa da faɗin bangon da ya lulluɓe ake lissafa shi.

Ga mazauna gidajen bene lamarin ya wuce na aljihu. Tsofaffin tayil a kan kwaɓin siminti mai kauri aka ɗora su, ba sa fita sai da kurfi da guduma. Dukan yana iya tsaga daɓen da ke hana ruwa ratsawa, bayan wata biyu sai maƙwabcin ƙasa ya ga silin ɗinsa na ɗiga. Zumuncin shekara ashirin ya sha lalacewa a kan irin wannan. Ga kuma ƙurar da ke tashi, wadda ke cutar da huhun leburan da ke aiki ba takunkumi.

Abin da ake maye gurbinsu da shi ma abin dubawa ne. Manyan tayil masu sheƙi, irin waɗanda suka cika kasuwar Dei-Dei, sun dace da falo. A ƙasan banɗakin da ake wanka da bokiti, ake tsarki da buta, ruwa bai cika barin ƙasa ba, santsinsu tarko ne ga tsoho da mai juna biyu. Ƙananan tayil suna da layuka da yawa da ƙafa ke kamawa, kuma sun fi sauƙin karkatarwa zuwa magudana. Ma'aikacin da ke dab da ritaya, wanda zai tsufa a wannan gida, shi ya fi kowa buƙatar ya yi wannan lissafi.

Masu cewa launin ya tsufa suna da gaskiya ta fuska ɗaya: yayi ne ya kawo shi. A Amurka ruwan hoda ya mamaye banɗakuna a shekarun 1950, har ana danganta shi da Mamie Eisenhower, uwargidan shugaban ƙasar na lokacin. An yi shekaru ana fasa su, yanzu kuma masu gidaje a can suna bin dillalan tsofaffin kaya suna neman guda-guda don cike gurbi. Launin toka da ake rububi a yau shi ma zai ga nasa tsufan.

Akwai darasi a kusa, a kan hanyar Lokoja. Manyan motocin da ke ɗauko sabbin tayil daga masana'antun Ajaokuta ta Yangoji suke ratsawa, a ƙaramar hukumar Kwali, mahaifar Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda aka haɗa zanen tukwanen Gbagyi da fasahar shafa wa yumɓu ƙyalli a gasa shi a wuta mai tsanani. Ta rasu a 1984, hotonta na bayan takardar naira 20, tukwanenta suna gidajen tarihi a Ingila da Amurka launinsu bai dushe ba. Tayil ɗan gidan su tukunya ne: yumɓu ne da aka shafa wa ƙyalli aka gasa, shi ya sa shekara arba'in na sabulu da soso ba su cinye launinsa ba. Abin mamaki ne a ce yankin da ya yi suna da wannan sana'a shi ne ke kwashe irinta a baro zuwa juji.

Ba kowane tsohon abu ne ya cancanci a bar shi ba. Bahon wanka mai tsayi da tsoho ba ya iya tsallakawa gara a cire shi. Tsohuwar tankin masai da ke zubar da ruwa mai yawa a ja ɗaya gara a sauya ta, musamman a unguwannin da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Tayil ɗin da aka ƙwanƙwasa aka ji yana ƙarar fanko ya riga ya saki bango, dole ya sauka. A nan ne masu gina gidajen ritaya a Yangoji da Kwali da Gwagwalada za su iya amfana, haka ma maƙwabta masu neman cike gurbi: idan rushewar ta zama dole, a sa lebura ya ɓamɓare waɗanda za su ɓamɓaru lafiya, a jera su a kwali. Girmansu kusan ɗaya ne, inci shida kowane gefe, kuma samun irin launinsu a kasuwa yanzu sai an sha wuya.