Ba Sai An Je Zanzibar Ba: Yawon Ruwa a Tiga da Kura, da Abin da Waya Ba Za Ta Iya Yi Ba

Akwai wani irin bidiyo a TikTok da Instagram da yake tsayar da yatsan matasa in suna lilo a waya. Wani ne ya goya jaka yana bin gaɓar teku a ƙafa, da yamma ya kafa tanti a tsibiri, gari na wayewa ya shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska. Yau Zanzibar ce, gobe tsibiran Tailan, jibi Tarkwa Bay ta Legas wadda sai da jirgin ruwa ake isa gare ta. Matashin Kano ya kalla, ya tuna kuɗin fasfo da tikitin jirgi da canjin dala, ya ja tsaki ya wuce.

Abin da bai lissafa ba shi ne, mai son irin wannan tafiya yana da inda zai fara a cikin jiharsa. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, an tsara shi ne ya ɗauki ruwan da ya kusa kai kubik mita biliyan biyu. Wanda ya tsaya a bakinsa da sassafe zai ga ruwa iya ganinsa, ga masunta a kwale-kwale suna duba koma. Daga nan babban kanal yake ɗibar ruwa ya kai Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A watan Janairu, lokacin da ƙasa ta bushe ko'ina, nan wajen kore shar yake da alkama da tumatir da albasa. Matasa uku ko huɗu za su iya sauka a Kura, su bi hanyoyin gefen kanal ta Kadawa a ƙafa ko a keke, su kwana a gari, washegari su nufi Tiga. Kuɗin tafiyar ba zai kai na sabuwar waya ba.

Sai dai akwai matsala a yadda matasa suke shirin irin wannan fita. Abin da ake fara nema shi ne kayan ɗaukar hoto: sandar riƙe waya, ƙaramin makirfo, fitilar bidiyo. Abin da zai dawo da mutum gida lafiya shi ake bari a ƙarshe, in ma an tuna da shi. Wannan tsari a juye yake, kuma ruwa ba ya yafe irin wannan ganganci.

Kanawa ba su manta da 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai bayan ya taso daga ƙauyen Badau. Mutane fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Wannan ruwan dam ne, irin na Tiga, babu igiyar teku a cikinsa. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida ta wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, ta kuma hana tafiyar dare a ruwa. Don haka abu na farko da ya kamata ya shiga jakar mai zuwa Tiga shi ne wannan riga. Wanda bai same ta ba ya tsaya a gaɓa ya yi hotonsa, hoton ba zai ragu da komai ba. Haka in ya ga an cika kwale-kwale da mutane da kaya, ya haƙura ya jira wani.

Bayan riga sai waya, kuma a nan ma akwai ruɗi. Da yawa suna ganin alamar IP68 a kwalin waya sai su ɗauka ta gagari ruwa. Abin da alamar take nufi shi ne an gwada wayar tana sabuwa a ruwa mai tsafta, yawanci zurfin mita ɗaya da rabi na minti 30. Wayar da ta sha faɗuwa, ko wadda mai gyara ya taɓa buɗe bayanta ya liƙe, ta riga ta rasa wannan kariya. Ko da tana nan daram, wayar da ta suɓuce a tsakiyar dam ta tafi ke nan, don ba ta yawo a saman ruwa. Jakar leda mai zif da igiyar ratayawa a wuya, wadda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre, ta fi wannan alama amfani.

Sai maganar sabis. Tsakanin gonaki da bakin dam akwai wuraren da sabis yake rauni ko ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne GPS ba ya buƙatar data, domin kai tsaye waya take karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam. Taswirar ce take buƙatar intanet. Wanda ya sauke taswirar yankin a Google Maps tun yana gida, zai ga inda yake ko babu sabis. Amma taswirar da aka sauke ba ta zuwa da hoton sama na tauraro, ba ta kuma nuna hanyar masu tafiya a ƙafa. Dabarar ita ce a ɗauki hoton allon wuraren da za a bi a ajiye, a kuma ƙara da manhaja irin su OsmAnd ko Organic Maps, waɗanda aka gina su don aiki ba tare da intanet ba.

Raunin sabis kuma yana cin batir, saboda waya tana ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa. Sanya ta a yanayin jirgin sama yana magance wannan, kuma GPS zai ci gaba da aiki. Pawa bank mai 20,000mAh ba zai cika waya mai 5,000mAh sau huɗu ba kamar yadda lissafi yake nunawa, kusan sau uku zai yi, domin wani kaso yana tafiya a zafi da sauya ƙarfin wuta. Kada a bar shi a rana. Aika wurin da mutum yake kai tsaye ta WhatsApp yana da kyau, amma iyakarsa awa 8, kuma da zarar data ta ɗauke ya daina motsi. Gajeren saƙo na tes yakan fita a inda WhatsApp ya kasa. Kafin a tashi, a faɗa wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a kuma riƙe lambar gaggawa ta 112.

Akwai haɗarin da babu manhajar da za ta nuna shi. Ruwan kanal yana da kyan gani, ga zafi, sai mutum ya ji kamar ya faɗa. Babban kanal yana da gudu fiye da yadda ido yake gani, gefensa kuma akwai santsi, wanda ya zame zai sha wahalar fitowa. Ƙananan magudanai masu ruwa a kwance kuwa su ne gidan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini, wadda take shiga ta fata ba sai an sha ruwan ba. Manomin wajen ya san inda ake tsallakawa da inda ba a taɓawa. Matambayi ba ya ɓata.

Wani zai ce to tunda haka ne, me ya sa za a zuga matasa su je? Ai zamansu a gida ya fi. Amsar ita ce suna zuwa, da Sallah da ranakun hutu, ko an zuga su ko ba a zuga su ba. Abin da ya rage shi ne su je da sani ko su je da ka. Kuma kwana a tanti a dajin da babu kowa, kamar yadda ake gani a bidiyon Turawa, bai dace da halin tsaron yau ba. Hanyar da aka gada ta fi: a yi sallama da mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum, a kwana inda aka nuna masa. Kada a taka kunyar gona don neman kusurwar hoto, kada a ɗauki mata da yara masu aiki ba da izini ba. Wannan ruwa abincin dubban gidaje ne kafin ya zama wurin shaƙatawar kowa.

Mai waya yana da abin da zai bar wa wajen ma. OsmAnd da Organic Maps daga OpenStreetMap suke ɗibar bayanai, taswirar da kowa zai iya buɗe asusu kyauta ya yi mata ƙari. Matashin da ya bi kanal daga Kura zuwa Bunkure yana ajiye sawun tafiyarsa da GPS, ya dawo ya sanya gadoji da masallatai da rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitocin da ya gani da sunayensu na gaskiya, ya yi aikin da zai amfani direban motar tumatir da ma'aikacin lafiya da matafiyin da zai biyo bayansa.

Mai burin zuwa Zanzibar ya ci gaba da tara kuɗinsa, Allah ya nufa. Amma darasin da zai buƙata a can, na sanya riga kafin shiga jirgi, da sauke taswira, da tambayar 'yan gari, a Tiga zai fi koyonsa da araha.