Kafin A Yanke Wayar ABS, A Fara Duba Abin Da Ke Damun Birkin

Jama'ar Pantami, akwai wata magana da muke yawan ji a gareji da wuraren hutawar direbobin manyan motoci. Sai ka ji direba yana cewa birkin motarsa kaifi gare shi, da an taɓa sai ta tsaya cak, yana faɗa yana alfahari. A ganinmu wannan alamar ciwo ce a jikin mota, kuma ciwon bai tsaya kan mai ita kaɗai ba. Garin Gombe a kwari yake, mai shigowa ta hanyar Bauchi gangara yake yi. Ga tirelolin siminti daga Ashaka, ga masu ɗauke da hatsi da shanu, duk suna ratsa titunan da 'ya'yanmu ke tsallakawa zuwa makaranta, 'yan Keke Napep da masu babura kuma na manne da su a baya.

Taya idan ta kulle tana jan ƙasa, ta daina jin sitiyari. In na gaba ne suka kulle, motar miƙewa take yi ko ina direba ya murɗa. In na bayan kan tirela ne, bodi sai ya turo kan, motar ta naɗe a tsakiyar titi kamar askar wanzami. Wanda ke biye da ita kuwa ba ya samun ko daƙiƙa ɗaya ta shiri.

Me ke sa birki ya riƙa cafka haka? Sau da yawa abin a bayyane yake da zarar an cire taya. Robar da ke tare mai a gindin taya ta lalace, giris ko mai ya jiƙa lainin birki, sai ya riƙa damƙa yana saki ba bisa ƙa'ida ba. Ko durom ya ci ya daina zama da'ira sosai. Ko an ɗaure birkin wata taya fiye da na 'yar'uwarta, motar ta riƙa fizga gefe guda. Akwai kuma ruwan da ke taruwa a tankunan iska idan ba a zubar da shi kowace safiya, ya shiga bawul ya sa shi maƙalewa. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo: a yi 'yar tafiya a fili, a taka birki a hankali sau biyu ko uku, a sauko a kusantar da hannu ga kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, daga nan za a fara bincike.

Amma abin da muka fi so masu motoci su lura da shi shi ne wani bawul da ke ƙarƙashin yawancin tsofaffin manyan motocin Turai, wanda aka haɗa da sifirin ta wani ɗan ƙarfe. Aikinsa auna nauyin kaya. In mota ta yi lodi sai ya ba tayoyin baya iska da yawa, in babu kaya sai ya rage. Wannan ɗan ƙarfen yakan karye a ramukan hanyoyinmu, sai a sami waya a ɗaure shi a matsayin cikakken lodi a wuce wurin. Motar da ta sauke siminti ta juyo fanko, birkinta na nan da ƙarfin da aka tanadar wa buhu ɗaruruwa. Direba ya ɗan taɓa, tayoyi su kulle. Wai shi ne kaifin da ake yabo.

To a nan ne ake ɗora wa ABS laifi, alhali ABS ba ya ƙara wa birki ƙarfi, sassautawa kawai ya iya. A gindin taya akwai wani zobe mai haƙora da wata 'yar na'ura da ke ƙirga juyawarsa. Da ƙwaƙwalwar motar ta ga taya na shirin kullewa, sai ta rage mata iska ta mayar, sau da dama cikin daƙiƙa guda. A motar birkin iska za ka ji huci guntu-guntu daga ƙasa, a ƙananan motoci irin su Hilux kuwa abin taka birkin ne ke karkarwa ƙarƙashin ƙafa. Direban da ba a yi wa bayani ba sai ya ɗauka birki ne ke neman ƙwacewa, ya ɗaga ƙafa ko ya shiga dannawa yana saki, ya ƙarar da iskar tanki a banza. Abin da ake so shi ne a danne a riƙe, a ci gaba da sarrafa sitiyari.

Ba kuma sabon abu ba ne. Kamfanonin Mercedes-Benz da WABCO sun fara sa shi a manyan motoci tun 1981, Amurka ta wajabta shi a sababbin kawunan tirela daga 1997, a bodinsu daga 1998. Wato mafi yawan 'yan Beljiyam ɗin da ke shigo mana, DAF ne ko MAN, da abinsu suke zuwa. A hannunmu yake mutuwa. Fitilarsa ta kama ta ƙi mutuwa, maimakon a bi sawun matsalar sai mai rewaya ya zare ƙwan fitilar ko ya yanke waya, kowa ya ce an gyara. Sau da yawa kuma laka ce kawai ta toshe haƙoran zoben, ko na'urar ta ɗan ja baya tana bukatar a tura ta, ko belin taya ya yi sako-sako. Ballantana igiyar wutar ABS da ke haɗa kai da bodi, wadda a tireloli da yawa ko alamarta babu.

Direbobi na da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba za mu ɓoye ba. A kan yashi ko tsakuwa, mota mai ABS na iya ɗaukar tazara fiye da wadda tayoyinta suka kulle suka nutse. Duk wanda ya san yadda ruwan damina ke kwaso yashi ya zube kan titunan Pantami ya san ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai maganin wannan shi ne rage gudu da barin tazara, domin motar da ta ɗan ƙara taku amma tana jin sitiyari tana iya kauce wa yaro.

Muna kira ga shugabannin NURTW da NARTO na Gombe su tara direbobi da yaran mota a yi musu wannan bayani da Hausa, a gaban mota, ana nunawa da hannu. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da na VIO kuma, in sun tsayar da tirela, ban da takardu su sa direba ya murɗa makulli a gabansu. Fitilar ABS mai lafiya kamawa take yi, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu ko da zarar mota ta fara tafiya. Wadda ba ta kama ba sam, a tambayi inda ƙwanta ya tafi.