LAFIYA UWAR JIKI: Wiwi ta likita da zaman kaɗaici

Labari yana yawo cikin kasuwanni, wai Turawa sun maida tabar wiwi magani. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

A shekara ta 1996, jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ta yarda maras lafiya ya yi amfani da wiwi in likita ya sa hannu. Kanada ta bi baya a 2001. A Afirka, Lesoto ta fara ba da izinin noma ta don magani a 2017, Maroko kuma ta yi tata doka a 2021. A Nijar dai doka ta hana noma ta, da saida ta, da shan ta.

Su wa ake ba? Mai ciwon daji wanda maganin asibiti ke sa shi amai. Mai ciwon jijiya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai yara masu wata farfaɗiya mai tsanani. Su nasu ruwa ne da aka tatso daga ganyen, sunansa Epidiolex, an yarda da shi a Amurka a 2018. Ba ya sa maye, kuma da awo ake ba da shi.

To, a can ƙasashen akwai masu shan ta don kaɗaici ya dame su. Mutum na zaune shi ɗaya a ɗaki, sati ya wuce ba wanda ya yi masa sallama. Abin ba wasa ba ne. A 2018 Ingila har minista ta naɗa saboda wannan matsala. A 2023 babban likitan Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya ce illar kaɗaici tana iya kai ta shan sigari kara 15 a rana. Makiyayin da ya yi watanni a daji, da ɗan cin rani a Legas, sun san zancen.

Sai dai hayaƙin ba ya kawo aboki. Mutum ya manta na awa biyu ko uku, in ta sake shi, ɗakin na nan wayam. Mai sha kullum yakan yi kasala, ya rage fita, wani ma ya kama zargin mutane. Ga matasa kuwa, yawan sha yana iya jawo taɓin hankali. Wanda ya fara don rashin abokai, sai sauran kaɗan ɗin ma su watse.

A Ingila, likitoci sukan tura mai kaɗaici wajen wata ƙungiya ta unguwarsa, masu aikin lambu ko masu tattaki tare. Akwai ma'aikaci na musamman da ke haɗa shi da su.