Wanda ya kashe sabis, shi zai sayi wayar

1/
Jiya da dare gardama ta kaure a ɗakinmu. Wani abokina ya ce wai a kashe 2G da 3G kowa ya huta, mai rakani-kashi ya je ya sayi babbar waya, "ai ci gaba ne." Da maganar nan na kwana a raina. Yau sai na amayar da ita. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa 🧵

2/
Matsayata a fili take: duk ranar da kamfani ya kashe tsohon sabis, shi ya kamata ya ba talaka wayar da za ta maye gurbin wadda ya kashe masa. Kyauta, a hannu, kafin ranar kashewar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

3/
Mu fara da wa ke cin riba. Zangon iskar da sabis ke bi ƙayyadadde ne, da tsada kamfanoni ke sayen lasisinsa daga gwamnati. In suka kashe 3G, wannan zangon suke juyawa zuwa 4G da 5G, su ƙara sayar mana da data. Ga kuɗin wuta da dizal da gyaran tsofaffin na'urori sun huta da shi.

4/
Kenan kamfani ya rage kashe kuɗi, ya ƙara samu. Shi kuma mai waya fa? Wayarsa lafiya lau take, ba ta faɗa ruwa ba, allonta bai fashe ba. An wayi gari kawai ta zama tocila da kalkuleta. Sannan a ce ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya gyara ɓarnar da ba shi ya yi ba? Haba dai.

5/
Ba tatsuniya nake muku ba, an yi a wasu ƙasashen. A Amurka AT&T ya kashe 3G ranar 22 ga Fabrairu 2022, T-Mobile ya bi baya a tsakiyar shekarar, Verizon ya rufe nasa ranar 31 ga Disamba 2022. Shekara guda, manyan kamfanoni uku, shi ke nan.

6/
AT&T ya aika wa wasu masu layinsa wayoyi kyauta. Da yawa sun yi ƙorafin cewa wayar da aka turo ba ta kai tasu ta da ba, kuma suna da gaskiya. Amma ku lura da abu ɗaya: ko a Amurka, cibiyar jari-hujja, kamfani ya san ba zai kashe waya ya kaɗe riga ya wuce ba.

7/
Yanzu ga inda abokina ya yi tsit. Yana ɗaga wayarsa yana cewa shi ba ruwansa, tasa 4G ce. Malam, rubutun 4G a kwali ba ya ceton kowa. Asalin 4G don data aka gina shi. Wayoyi da yawa in ka danna kira, sauka suke yi zuwa 3G ko 2G su yi kiran, in ka gama su koma sama.

8/
Abin da ke sa kira ya bi ta kan 4G shi ne VoLTE. In wayarka ba ta da shi, ko tana da shi amma kamfanin bai amince da samfurinta ba, ranar da aka kashe na ƙasa za ka ci gaba da kallon TikTok, amma ba za ka iya kiran Umma ba.

9/
AT&T jerin wayoyin da ya amince da su ya fitar. Wayar da ba ta cikin jerin, ko da 4G ce sabuwa fil, tana iya rasa kira. Wato kamfani ne ya kashe sabis, shi ne kuma alƙalin wace waya za ta rayu, kuma shi ɗin dai yana sayar da wayoyi a shagonsa. Ku haɗa lissafin da kanku.

10/
Na Ostiraliya ya fi ba ni tsoro. Telstra da Optus sun ɗage ranarsu kafin suka fara kashe 3G ranar 28 ga Oktoba 2024. Me ya sa aka ɗage? An gano akwai wayoyin da ke kira lafiya ta 4G, amma kiran gaggawa na 000 sai ta 3G suke yinsa.

11/
Ka yi tunanin wannan. Kana gaisawa da kowa kullum, kana zaton komai daidai. Sai ranar gobara ko haɗari, ka danna lambar agaji, shiru. Dole hukuma ta umarci kamfanoni su toshe irin waɗannan wayoyin gaba ɗaya. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wayoyin da aka sayo daga ƙasashen waje.

12/
Wayoyin da aka sayo daga waje. Ku sake karantawa. Mu nan da yawa daga abin da muke taƙama da shi tokumbo ne, daga Farm Centre zuwa Computer Village. An ƙera su don kamfanonin wata ƙasa, aka buɗe su aka kawo mana. To kai mai yi wa rakani-kashi dariya, wa ya ba ka tabbacin taka za ta tsallake?

13/
A can ma Telstra da Optus sun raba dubban wayoyi kyauta ga tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. A Afirka ta Kudu, a 2025, MTN ya sanar da shirin ba masu layi miliyan 1.2 wayar 4G a kan rand 99 kacal, gwamnati kuma ta cire wani haraji daga kan wayoyi masu araha. Ashe ana iyawa.

14/
Za a ce min "kamfani ba gidan sadaka ba ne." Na yarda. Ni ma ba sadaka na ce ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana loda kati, ɗari biyu yau, ɗari biyar gobe, da kuɗinsa aka kafa turakun nan. Wayar madanni guda ɗaya nawa take a cikin abin da ya zuba?

15/
Za a kuma ce "ai komai yana tsufa." Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a riƙe 2G har abada ba. Tsaronsa ma mai rauni ne, ya fi sauƙin kutse. Amma daban ne waya ta mutu da kanta, daban ne a zauna a ofis a sa mata ranar mutuwa. Wanda ya sa ranar shi ke da alhakin abin da ya biyo baya.

16/
Kakata ba ta karatun boko. Wayarta mai madanni ce, caji ɗaya ya kai ta kwana huɗu, a garin da wuta sai an ga dama. Ta haddace inda za ta danna ta samu kowannenmu. Ka kashe mata sabis, ka miƙa mata waya mai shafawa da ke neman caji kullum, wallahi ba ka maye mata komai ba.

17/
Shi ya sa "wayar canji" ba kowace tarkace ba ce. Mai madanni a ba shi mai madanni da ke da VoLTE, akwai su a kasuwa. Lambarsa ta zauna yadda take. Kuɗin da ke layinsa kar a taɓa. A kwashe masa lambobin mutanensa a zuba a sabuwar kafin ya bar wurin.

18/
Kuma ba wayoyi kaɗai ba ne. A Amurka na'urorin ƙararrawar gida, da na kiran agaji da tsofaffi ke ratayawa a wuya, da na cikin motoci duk sun shiga ciki. Mu nan ku tuna tsofaffin na'urorin POS, da na bibiyar mota, da miliyoyin da ke tura kuɗi da lambar banki mai tauraro a ƙaramar waya.

19/
Mun ma taɓa ɗanɗana makamancinsa. Ku tambayi yayyenku labarin Starcomms da Multi-Links, masu CDMA. Da sabis ɗin ya tafi, wayoyin a durowa suka ƙare, yara na wasan "halo halo" da su. Wancan karyewar kasuwa ce. Wannan kuwa da gangan za a yi, don haka babu uzurin a ce ba a shirya ba.

20/
Abin da ya kamata NCC ta rubuta tun yanzu:
• Ba a kashe tsoho a gari sai 4G ya kai garin, har ƙauyukansa
• Sanarwa da Hausa da sauran harsunanmu, ta rediyo da kiran murya
• Waya kyauta ga marasa hali
• Jerin wayoyin da za su mutu, a fili
• 112 ta shiga a kowace waya

21/
Ku da kanku ku yi gwaji yau. Kunna data, ka tabbata 4G ne a saman allo, sai ka kira wani. In alamar ta zauna, ko ka ga VoLTE, da sauƙi. In ta faɗo zuwa 3G ko H ko E, kiranka a tsohon sabis yake tafiya. In za ka sayi tokumbo, sa layinka ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya.

22/
Mu ne masu data, mu ne masu surutu a nan. Waɗanda abin zai fi buga wa ba sa ma ganin zaren nan. In muka zauna muna musu dariya, ranar da saƙon "layinka zai daina aiki" ya shigo, mu ɗin dai za a kira mu sayo sabuwa da kuɗin makarantarmu.

23/
Gemun Amurka da Ostiraliya ya riga ya kama da wuta, mu shafa wa namu ruwa. Wanda ya gwada ya faɗa min abin da wayarsa ta nuna a ƙasa. Abokina dai tasa H ta nuna, tun jiya bai ƙara cewa uffan ba 😂